Harawar Ja'e a Gidan Taransfo

Ɗazu ina kallonku. Ɗayanku ya ɗaga salula ya ɗauki hoton allon ƙarfen nan da ke rataye a bangon ataliye, wurin aikin nan namu, ya ce, "Ɗari da sittin ne, Baba Lawali, mi ya rage kuma?" Sauran kuka bushe da dariya, kuka koma gindin shayinku. Wato a ganinku sana'ar taransfo ke nan: a duba lamba ɗaya, a ɗaura wayoyi, a wanke hannu, a hau moto. To ku ajiye salulolin nan ku matso. Ni ba mushen lakol ba ne, wato malamin makaranta, ba darasi zan yi muku ba. Labarin allon nan zan ba ku, don akwai dalilin da ya sa na cire shi daga jikin mai shi na kafa masa ƙusa a nan.

Aikin farko da na bi maigidana Sanda, Allah ya jiƙansa, a Tibiri ne, bayan wata kasuwa. Na zo da zumuɗi, na ɗauko jakar kayan aiki tun daga tasha a kaina, ina jiran a ba ni kile, wato sifana, in kwance wani abu. Ko kallon jakar bai yi ba. Ya sa safar roba, ya ɗauki doguwar sandar nan ya katse kuran, wato wutar lantarki, ya tabbatar ya mutu, sannan ya kama hannuna ya ɗora a kan faffaɗan ƙarafan da ke jere a jikin taransfo, waɗanda mu muke kira haƙarƙari. Ya ce in taɓa ƙasa. Na ce da ɗumi. Ya ce in taɓa sama. Ban san sanda na fizge hannuna ba.

Ya ce, "To, ka ji da fatarka. Mai ne a ciki. In ya sha zafi ya hau sama, ya shiga haƙarƙari, iska ta huce shi, ya sauko. Haka yake yi dare da rana, ba mai tura shi. Ranar da ka hana shi iska, ka kashe shi."

Sai ya tofa yawu a tsumma ya goge allon da ke jiki, ya sa ni karanta shi layi bayan layi, kamar yaron da aka kai makaranta jiya. In na tsallake wani wuri, sai in ji tsumman a ƙeyata. Sanda ba ya duka, amma tsummansa mai ne da ƙasa, in ya sauka a rigarka ta tashi daga aiki.

Lambar da kuka gani, ɗari da sittin, ita ce nauyin da taransfo zai iya ɗauka. Gaskiya ne, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin yana rubuce a ƙasanta inda idonku bai sauka ba. Ku duba haruffan nan huɗu, ONAN. Ma'anarsu mai yana yawo da kansa, iska tana bi da kanta, ba fanka ba pompi. Manyan da ke tashoshin birni za ku ga an ƙara musu ONAF, da lamba biyu, ƙarama da babba. Babbar ta lokacin da fankoki ke juyawa ce. Na taɓa tsayawa a gaban wani da fankokinsa duka sun tsaya, tsuntsaye har sun yi sheƙa a ciki, masu wurin kuwa suna ta loda masa kaya a kan babbar lamba, suna cewa ai ga shi a rubuce.

Sannan ga sittin ɗin nan ta gefe. Da yawa suna ɗauka iyakar zafin mai ke nan. A'a. Ƙari ne. In taransfo ya ɗauki cikakken kaya, man da ke sama zai fi iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri sittin. Masu ƙera shi sun yi lissafinsu a kan cewa iskar ba za ta wuce arba'in ba. To ku da kuka tashi a ƙasar Maradi, ku faɗa mini, ranar bazara da azahar, iskarmu ta san da wannan yarjejeniya? Shi ya sa a nan, in bazara ta tsaya, ɗari da sittin ba ta kai ɗari da sittin ba. Ba mai rubuta muku wanga a allo, sai dai ku sani.

Wani mai niƙa na Cadawa da na yi wa aiki shekaru da yawa, kullum rigimarmu ɗaya ce. Ya ƙara inji, in zo in maƙala wa waya fensar awon kuran, in nuna masa allura, ya ce, "Haba Lawali, ai bai ce komai ba." Haka mutane suke. Jaki in ka yi masa kaya da yawa zai durƙusa ka gani. Taransfo ba ya durƙusawa. Wayoyin jan ƙarfe da ke cikinsa an naɗe su da takarda, takardar ce ke raba waya da waya. Zafi in ya wuce ƙa'ida yana gasa ta a hankali, kuma abin da ya gasu ba ya komawa ɗanye ko ka sa shi a inuwa shekara goma. Sai ya ci gaba da aiki lafiya lau, kowa ya manta, wata rana da safe ba dalili ya yi tsit.

Allon nan na wani gari ne a ƙasar Gangara, ba sai na faɗi sunansa ba. An yi musu foraj, wato rijiyar burtsatse, da shato, tankin ruwa na sama, aka ja musu kuran, aka kafa taransfo a ƙasa kan daɓen siminti, aka kewaye shi da ragar waya mai ƙofa da kwaɗo. Ina cikin waɗanda suka kafa shi, kuma ni kwamitin ruwa ke kira in wani abu ya taso. Shi ke juya pompi, pompi ya cika shato, shato ya ba mata ruwa a famfo ya kuma cika dogon kwamin da dabbobi ke sha. Daga baya aka rataya masa injinan niƙa, da mai walda, da masu firji da ke sayar da ƙanƙara. Kaya ya kai masa wuya, amma yana ɗauka. Tsofaffin rijiyoyin garin kuwa aka bar su, ƙasa ta ci wasu, shara ta ci wasu.

A wurin kwamin na san Ja'e. Bafillatani ne, rugarsa tana bayan gari, dogo, siriri, ba ya rabuwa da malafa. Ranar farko ya tambayi asalina, na ce kakata Babarbariya ce. Ai kuwa sai ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Alhamdulillahi, Allah ya kawo mini bawana har gida!" Na ce, "Kai ne bawan, ga ka nan kana bin wutsiyar saniya." Tun daga ranar wasan Fulani da Barebari ya ƙullu tsakaninmu. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In ya hango motona sai ya ɗaga murya, "Bawa, ka zo ka yi wa shanun ubangidanka aiki?" Ba na barin garin sai ya aiko da nono a ƙwarya, ya ce a ba bawa kada ya faɗi a hanya.

Shekarar da nake ba ku labari damina ta yanke da wuri. Gero bai cika ido ba, wake ya yi ganye kaɗan, daji ya zama fili tun kafin rani ya yi nisa. Sauran makiyaya suka kama hanyar kudu. Ja'e bai tafi ba. Ɓarayin shanu sun tare hanyar a lokacin, an kwashe wa wani ɗan'uwansa garke, shi kuma ya duba ya ga ga ruwa a kwami ba ya yankewa. Ya ce in akwai ruwa, abinci ne kawai matsala. Sai ya sayar da ƴan bijimai, ya bi gonaki tun da kaka yana tara harawa, dami a kan dami, don ya riƙe shanun da ita a ƙarshen rani, sanda ba abin da ya rage a ƙasa.

Kun san yadda ake ajiye harawa a wajenmu: a kan gawo, ko a kan rufin ɗaki, inda akuya ba ta kai. To a shekara irin wannan ba akuya kaɗai ke ci ba, har da mai akuyar. Duk garin wuri ɗaya ne ke da ragar waya da kwaɗo, wanda ba yaro ba babba kowa ke tsoron kusantarsa. Makullin yana hannun mai gadin pompi, Malam Iro, dattijo mai kirki wanda bai iya cewa a'a ba. Ja'e ya roƙe shi, ya buɗe masa.

Ni ban san da wanga ba sai tsakiyar bazara, da Malam Iro ya kira ni ya ce kukan taransfo ya sauya, kuma mai na tsattsafowa a bakin murfi. Na iso da hantsi. Daga nesa na nemi taransfo na rasa. Abin da na gani rumbu ne. Harawa ta cika ragar daga kusurwa zuwa kusurwa, an cusa ta har tsakanin haƙarƙari, ta kusa kai wa kwalaben sama inda wayoyin kuran ke shiga. A kai kuma an shimfiɗa zana, an ɗaure ta tamau. Har yau ban san abin da ya hana wurin kamawa da wuta ba, sai dai ikon Allah.

Na katse kuran, na ce, "Malam Iro, wanga fa?"

Ya ce, "Harawar Ja'e ce. Zanar kuwa ni na sa. Rana na dukanshi, na ji tausai, na yi mishi inuwa."

Na ce, "Inuwa ana yin ta can sama, iska na ratsawa ta ƙasa. Kai bargo ka lulluɓa masa! Abin da ke katse kuran in zafi ya yi yawa, bai taɓa katsewa ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce kullum da azahar shina katsewa, mata su yi layi da bidon na ɗibar ruwa har bakin masallaci suna zaginsa. Sai wani mai gyaran rediyo da ya zo cin kasuwa ya ɗaure abin da guntuwar waya, tun daga ranar bai sake katsewa ba, kowa ya yi ta sa masa albarka.

Na ture dammunan harawa na kai ga ma'aunin zafi da ke kan murfi. Allura biyu gare shi, baƙa mai nuna zafin yanzu, da ja wadda ke tsayawa inda zafi ya taɓa kaiwa ba ta dawowa. Jar ta wuce ɗari, ta tafi ta jingina da ƙarshen ma'auni. Na ɗebi mai a kwalba ta famfon ƙasa. Man taransfo mai lafiya fari ne tas, kana hango yatsanka ta bayan kwalbar. Wanga ya yi kalar shayin farko, da ƙauri.

Ana haka Ja'e ya iso, an gaya masa. Tun daga nesa yake cewa, "Bawa, wa ya ba ka izinin taɓa kayan ubangidanka?" Da ya ga fuskata, ya sauke sandarsa daga kafaɗa.

Na ce, "Ja'e, yau harawar nan za ta fita, duka."

Ya ce, "In kai ta ina? Ka ga gari, ka ga yunwa. In ta kwana waje ba ta wata ɗaya."

"In ta zauna, abin nan zai mutu. In ya mutu ba ruwa."

"Shanu ba su cin ruwa, bawa."

"Ba su kuma shan harawa."

Ya daɗe yana kallon kwamin, shanunsa na jere a baki, ƙasusuwan ƙugunsu a waje. Sannan ya ce, "In na cire, shina rayuwa?"

Ga kwalbar mai a hannuna. Na ce masa gaskiyar abin da na sani: "In ka cire, ya samu sauƙi. Abin da ya riga ya ci a ciki, ni ban gani, Allah kaɗai ya sani." Ya gyaɗa kai, ya tuɓe malafa, ya fara ɗauka da kansa. Mutumin bai yi gardama ba, wanga nake so ku riƙe. Kafin la'asar ragar ta zama fayau. Na cire guntuwar wayar nan, na share haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, na tara ƴan kwamiti na ce masu niƙa da mai walda su bar azahar, su yi aiki da safe da yamma, pompi shi ne gaba da kowa. Suka yarda, kuma sun cika. Na ce a nemi sabon mai a canza, a fara neman wani taransfon tun yanzu. Suka ce to. A shekara irin wannan, da mi za su nema?

Harawar ya raba ta kan itatuwan gawo kusa da ruga. Yadda ya faɗa haka ta kasance. Yau a sauke dami biyu, gobe uku, ba ka san wa za ka kama ba, kuma wanda ya ɗauka shi ma akuyarsa ce ke mutuwa. Abin da ya tara don ya kai shi faɗuwar ruwa ya ƙare hadari bai ko fara haɗuwa ba.

Taransfo kuwa ya yi ta aiki garau, har Malam Iro ya kira ni yana murna ya ce kukan ya dawo daidai. Ana nan, ƙarshen bazara, sanda zafi ke haɗuwa da gumi, wata safiya ya tada pompi kamar kullum, sai aka ji ƙara guda, shi ke nan. Ba harawa, ba zana, ba injin niƙa ko ɗaya a kai.

Mun ɗora shi a babbar mota muka kawo shi nan, kan daɓen da kuke zaune. Da muka ɗaga murfi muka zaro cikinsa, na sa yatsa na taɓa takardar. Takarda mai rai tana lanƙwasa. Wagga sai ta ruguje a hannuna kamar busasshen ganyen kuka. Ba wuri ɗaya ba ne da za a ce a gyara, duk saman naɗin haka yake. Sai an warware shi kaf an sake naɗi, wayar da ake bukata kuma ba ta nan kusa. Na san ba zai koma ba kafin damina, na kuma san wa ke jira.

Na koma garin don in faɗa wa kwamiti da bakina. Shato ba ɗigo. Mata na tafiya da amalanke zuwa garin da ke gaba, an buɗe wata tsohuwar rijiya ana kwasar laka. Wa zai bar garke ya sha a rijiyar da mutane ke faɗa a kanta? Ja'e yana kora shanunsa zuwa wata rijiya mai nisa, su je ba ci, su dawo ba ci. A ruga na tarar ana tada wata saniya da ta kwanta, an zura mata itace ta ƙarƙashin ciki, maza na ɗagawa, shi yana riƙe da wutsiya yana kiran sunanta. Ta miƙe, ta yi rawa, ta koma. Can gefe mahauta na zaune a inuwa da wuƙaƙensu, jira kawai suke.

Ya saki wutsiyar ya zo wurina. Bai ce bawa ba. Ya ce, "Na cire. Da idonka ka ga na cire. To don mi ya mutu?"

Na yi masa bayanin takarda, yadda na yi muku yanzu. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Ashe tun kafin ka zo ya mutu, bai faɗi ba ne kawai." Na ce haka ne. Ya ce, "Da na bar harawata ciki, da yanzu ko abinci suna da shi." Na hau moto na bar garin, ban taɓa jin sana'ar nan ta yi mini ɗaci kamar ranar ba.

An mayar da taransfo bayan shuka ta fito, da sabon naɗi da sabon allo. Tsohon allon na cire na riƙe. Ranar da kwami ya sake cika, tabkuna sun riga sun cika, ba wanda ya damu da shi. Rugar Ja'e kuwa ta tashi, sai turaku.

Shekaru suka wuce ban ji ɗuriyarsa ba. Bara aiki ya kai ni Gidan Sori ranar kasuwa. Ina ratsa layin masu igiya sai na ga malafa, na ga dogon wuya. Yana zaune a kan buhu, ya baza igiyoyin kaba da dabaibayi a gabansa, yana tufka wata a cinya. Raina ya yi fari, na ɗaga murya yadda muka saba, na ce, "Kai bawa! Nan ka gudo ka ɓuya wa ubangidanka?"

Ya ɗago, ya gane ni. Ya miƙe tsaye, ya ba ni hannu biyu, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Lawali. Ƙaƙa iyali?"

Malam Lawali. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Mai shanu ne ke wasa, shi kuwa yanzu igiyar ɗaure shanun wasu yake sayarwa. Muka gaisa kamar baƙi. Ban tambaye shi garke ba, bai faɗa ba. Na juya zan tafi, sai ya kira ni.

Ya ce, "Wancan na garin, wanda aka mayar. Shina shan iska?"

Na ce, "Yana sha. Ba komai a ragar."

Ya ce, "To madalla. A bar shi shi sha." Ya zauna ya ci gaba da tufkarsa.

Kai mai salula, tashi ka ɗauko tsumma ka goge allon nan. Ka fara daga layin farko, da ƙarfi, ina ji.